Kawu da Arabiyar da Ya Ƙi Hawa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke unguwar Mansur a Makka, bayan shekara goma sha ɗaya yana fama da ciwon sukari. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka binne shi kafin magariba. Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna. Nan da shekara guda, ko ni da na shiga ramin na karɓe shi ba lalle in gane wurin ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Kwana uku muka yi zaman makoki irin na nan. An jera kujeru a layin gidan tsakanin magariba da lisha, mu dangi muna tsaye, masu gaisuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna dafa mana kafaɗa, ana zagayawa da gahawa. Wani dattijo daga unguwar Hindawiyya ya riƙe hannuna ya ce, "Wallahi ni na ɗauka ya daɗe da rasuwa." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya sake ni ya wuce. Wani direban tasi, haifaffen nan da Hausarsa ta kusa ƙarewa, ya ce da ni da Larabci Kawu ne ya tura kakarsa ɗawafinta na ƙarshe, kuma har ta rasu tana ambatonsa. Daga Kano wani ɗan uwanmu ya bugo waya yana cewa, "Ai ya dace. Mutuwar Makka, sallar Harami. Mutumin da kullum yana gaban Ka'aba." Na ce amin, ban gyara masa ba. Shekara shida Kawu bai taka Harami ba, alhali daga ƙofar gidansa tafiyar mintuna ce a mota.

A can ƙarshen kujerun akwai tsohon abokin aikinsa, mutumin Damagaram. Kullum shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Bai sha gahawa ba, bai yi magana da kowa ba, ƙafafunsa kawai yake kallo.

A ɓangaren mata, mahaifiyata ta ba ni labari, matar Kawu ta ce wa masu tambaya, "Sukari ne, haka aka rubuta a takarda." Babbar 'yarsa ta ce wa uwarta, "La, Yumma, ba sukari kaɗai ba ne." Washegari matar Kawu ta aiko a kira ni, ta yi mini magana ta bayan labule. Ta ce, "Na ji za ka rubuta. To ka rubuta har da abin da muka yi masa. Kada ka wanke mu."

Sana'ar Kawu turin arabiya ce, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a zagaya da su ɗawafi, a kai su Safa da Marwa. Ya fara yana saurayi, ya bari da furfura har a gira. Mahaifinsa, kakanmu, da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, ta Cadi da Sudan, yana tafiya yana tsayawa ya yi ƙodago ya ci gaba. A Hindawiyya aka haifi Kawu. Yakan ce ba a bar masa gida ba, ba a bar masa gona ba, ƙafa aka bar masa. Idan ya dawo daga aiki yakan zauna a bakin ƙofa ya tsoma su cikin robar ruwan ɗumi da gishiri, ya dube su ya ce, "Sannunku da aiki. Gobe ma akwai."

Turin yana da dokoki a wurinsa, kuma duk wanda ya koya wa sai ya haddace su. Ba a tura mutum sai an tambayi sunansa da garinsu. Ba a bugun dunduniyar wanda ke gaba, don in ka buga ka ɓata wa mutum biyu ibada, wanda ka buga da wanda kake turawa. In an zo saitin Hajarul Aswad a rage tafiya, na kan kujera ya ɗaga hannu ya yi kabbara da kansa. A riƙa ƙirga zagaye da ƙarfi don kada ya shiga kokwanto. Idan kuma ya fara kuka, a yi shiru, kada a ba shi haƙuri, kada a tsaya. "Wanda ke kan arabiya ba ya ganin fuskarka," in ji shi. "A hannunka yake jin ko ka gaji da shi."

Akwai labarin da ya fi son bayarwa. Wata shekara ya tsinci wata tsohuwa Basakkwatiya a Marwa, ta ɓace wa 'yan tawagarta, ba ta jin ko kalmar Larabci, ba ta san sunan masaukinsu ba. Ya ɗora ta ya ƙarasa mata sa'ayinta, sannan ya yi ta yawo da ita masauki zuwa masauki. Da rana ta yi zafi ya kawo ta gida, ya ce wa matarsa, "Ga baƙuwa. Ta ce shinkafar otal ta ishe ta, a tuƙa mata tuwo." Sai bayan la'asar aka gano mutanenta. Da za su rabu ta kama hannunsa ta ce, "Ɗana, Allah shi ba ka wanda za shi tura ka." A nan Kawu yakan fashe da dariya ya ce, "Na ce mata, Inna, wannan addu'ar a mayar da ita, a ba ni wata!" Mu ma sai mu yi dariya, ko sau nawa muka ji.

Ciwon ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari da gajiyar da barci ba ya kore ta. Da aka gaya masa sunansa bai ɗauke shi da nauyi ba. Ya ce baƙo ne ya sauka, kuma shi ya saba da baƙi. Aka rage masa sukarin shayi daga cokali uku zuwa babu. Aka ɗauke kwanon dabino daga falo. Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta karɓi ragamar komai: abin gwaji, allurai, littafin da take rubuta lambobi. Ta yi hakan ne saboda ƙauna, kuma ba don ita ba da bai kai shekarun da ya kai ba. Amma gidan ya canja. Da safe ba a jin doguwar gaisuwar da ya saba, sai dai a ji, "Abuya, kam?" wato nawa abin gwajin ya nuna. Idan lambar ta yi kyau a yi fara'a. Idan ta hau a fara bincike, me ka ci, wa ya ba ka, a ina ka ɓoye. Mu ma da muke zuwa daga unguwar Shisha haka muka koya. Wata rana ya miƙo mini ɗan yatsansa da ya yi tabo-tabo ya ce, "A da, ni ake tambaya yaya na kwana. Yanzu wannan ake tambaya."

Duk da haka ya ci gaba da aiki shekara biyar. Likita ya gargaɗe shi cewa ciwon yana kashe jin ƙafa a hankali, kada ya kuskura ya yi tafiya ba takalmi. Ya ji, ya ce to.

Ranar da abin ya faru tsakiyar zafi ce, bayan azahar. Ya fito daga Harami bai ga silifansa a inda ya ajiye ba. Wannan ba sabon abu ba ne, duk wanda ke shiga Harami ya taɓa rasa takalmi. Shekara arba'in abin da Kawu ke yi shi ne ya taka da sauri zuwa inda ake hawa mota, yana ɗan tsalle yana zagin zafin a cikin raha. Farin dutsen harabar yana da sanyi ko da rana tsaka, daga can gaba kuma kwalta ce. Ranar bai yi sauri ba, bai yi tsalle ba, don bai ji komai ba. Suna tafe suna hira da abokinsa Badamagare har suka sami mota. Da ya shigo gida matarsa ta dubi tayil ɗin falo ta ce, "Mene ne wannan a ƙasa?" Ya waiwaya ya ga sawunsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin ƙofa. Fatar tafin ƙafarsa ce ta saluɓe.

Ya yi makonni a asibiti. Aka cire yatsu biyu, daga baya aka ƙara yanke gaban ƙafar hagu. Da na je duba shi bai yi maganar yankan ba. Ya ce, "Ka ga abin mamaki? Ƙafata ta ƙone, ba ta gaya mini ba."

Raunin ya warke a cikin watanni. Kawu kuwa bai dawo ba. Zan faɗi abin da muka gani kamar yadda muka gan shi. Ya daina kunna rediyo. Ya daina kiran wanzami. Labulen ɗakinsa kullum a sake, na'urar sanyi tana ta gunji, shi yana kwance fuskarsa a bango. Salla ko ɗaya bai bari ba, yana yi a zaune a kan lokacinta, sannan ya koma ya kwanta. Wani lokaci a kawo abinci a ɗauke yadda aka kawo. Wani lokaci kuma 'yarsa ta tarar da ƙwallayen dabino tuli a ƙarƙashin matashi, lambar ta haura, ta yi faɗa har ta yi kuka, shi yana kallon rufi. Sau biyu aka gano ya yi kwanaki bai yi allura ba, yana cewa ya yi. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya jefar da kofi don an ajiye masa shi a hannun hagu. Idan ka tambaye shi me ke damunsa sai ya ce, "Na gaji." Mu kuma sai mu ɗauka gajiyar jiki yake nufi, mu gyara masa matashi.

A garin nan, duk wanda ƙirjinsa ya yi ƙunci magani ɗaya ake rubuta masa: tashi ka je Harami, ka kalli Ka'aba, ka sha Zamzam, zuciyarka za ta yi sanyi. Ba ƙarya ba ne, ni kaina na sha gwadawa. Don haka kowa ya riƙa faɗa wa Kawu, daga matarsa har maƙwabta har mai kawo gas. Har sabuwar arabiya muka saya masa, ta tsaya a lungun gidan da ledarta ba a cire ba. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da muke roƙonsa. Kafin ya ga Ka'aba sai ya hau kujerar da ya yi shekara arba'in yana bayanta, ya bi ta ƙofar da masu turi ke tsayawa, waɗanda rabinsu shi ya koya musu riƙe hannun keke.

Lokacin Umara baƙi daga gida sukan zo gaishe shi. Su zauna a gefen gado su ce, "Haba Alhaji, kai da kake maƙwabcin Ɗakin Allah, wace damuwa gare ka? Mu shekara nawa muke fatan mu ga wurin nan sau ɗaya." Ya ce, "Alhamdu lillahi." Idan sun tafi ba ya cin abinci ranar. Wani maƙwabci ya ce ƙarancin tawakkali ne. Wani ya ce kambun baka ne, aka kawo mai ruƙiyya, Kawu ya zauna da ladabi aka yi masa karatu, ya yi godiya, ya koma ya kwanta. Mutanen can gida Kano kuwa mun ɓoye musu. Idan suka bugo suka ce a gaya wa Alhaji ya yi musu addu'a a gaban Ka'aba, matarsa takan ce zai yi, sannan ta aiko mini da sunayen in je in yi.

Rigimata da shi ni na jawo ta. A shekara ta uku da kwanciyarsa na kai shi a duba masa ƙafa. Na riga na naɗe sabuwar arabiyar na sa a bayan tasi ba da saninsa ba, na kuma raɗa wa direba inda za mu bi in mun fito. A ganina da zarar ya hango hasumiyoyin, sauran mai sauƙi ne. Na manta cewa mutumin ya san hanyoyin nan tun kafin a fasa duwatsun.

Muna shiga ramin dutse ya ɗago kai. "Wannan ba hanyar Mansur ba ce."

"Kawu, raka'a biyu kawai. Mu yi mu fito."

"Wa zai tura ni?"

"Ni."

"Kai? Ka taɓa tura wani abu a duniya ban da magana?"

"To ai yaranka suna ƙofa. Kowannensu zai so ya..."

"Yarana." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Su taru su ce ya Ammi, ma'alesh, wai Baffa yi haƙuri, su ɗaga ni kamar buhu, wanda na mari hannunsa don ya bugi dunduniyar mutane shi ne zai riƙa ce mini sannu." Ya buga bayan kujerar direba ya ce masa da Larabci ya juya. Direban ya dube ni ta madubi, na ce ya juya.

Sai da muka kusa gida ya sake magana, ba tare da ya kalle ni ba. "Za ku kai ni ai. Ranar da ba zan iya cewa a'a ba za ku kai ni, ku shimfiɗe ni a gaban liman. Ku jira ranar."

Wata biyu bai yi mini magana ba. Sallama kawai yake amsawa, don ita wajibi ce.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ce masa ya je Harami ba, shi ne Badamagaren nan. Duk Alhamis bayan la'asar zai zo yana dogara sanda, ya ɗage labulen ɗakin ba tare da neman izini ba, ya ce, "Bakano, har yanzu kana kwance kamar amarya?" Wani lokaci Kawu ya yi banza da shi. Wani lokaci ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe bawana ya shigo?" Sai a kawo musu shayi marar sukari, baƙon ya riƙa sha yana yamutsa fuska yana cewa ko a kurkuku ba a yi wa mutum haka. Ya ba shi labarin wanda ya mutu, da wanda ya aurar da 'ya, da ƙananan motocin lantarki da yanzu tsofaffi ke hawa. Ya yi sa'a guda ya tafi. Bayan rigimar tasi ya tare ni a matakala ya ce, "Kun dame shi da Ka'aba. Ya fi ku sanin inda take."

Sai a shekara ta biyar aka kira abin da sunansa. Mun je asibitin masu sukari, ni da 'yarsa, muka tarar da sabuwar likita, mace. 'Yarsa ta buɗe littafi ta fara karanto lambobi. Likitar ta saurara kaɗan, sannan ta ɗaga mata hannu, ta jawo kujera ta zauna dab da Kawu.

Ta ce da Larabci, "Ya Ammi, idan ka farka da safe, kana jin daɗin ka farka?"

Ya dubi ƙafarsa. Sannan ya ce, "A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka yanke."

Ta tambaye shi ko yana tunanin cutar da kansa. Ya ce, "Ni Musulmi ne, 'yata. Amma in na ga allurar nan sai in ce, don me?"

Ta juyo gare mu ta ce wannan ciwo ne, sunansa ikti'abi, ciwon damuwa. Ta ce yakan biyo masu sukari, musamman wanda ya rasa wani sashe na jikinsa ko sana'arsa, kuma kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi: damuwar ta hana mutum kula da kansa, sukarin ya hau, hawan ya ƙara masa damuwa. Ta ce ba shi da alaƙa da ƙarfin imani ko rauninsa, kuma ana maganinsa. Ta tura mu wurin likitan da ke duba irin wannan. A mota 'yarsa ta rungume littafin lambobinta tana kuka ba sauti. A gida matarsa ta ce, "Maganin mahaukata za a ba mijina?" Kawu da kansa ya amsa daga ɗaki, "Kawo shi. Na sha wanda ya fi shi ɗaci."

Ba zan ce ya warke ba. Sauƙin ya zo a hankali, kuma yana zuwa yana komawa. Bayan makonni ya ɗage labule da kansa. Ya aika a kira wanzami. Wata rana ya ce miyar kukar ba ta ji daddawa ba, matarsa ta bugo wa mahaifiyata waya tana murna kamar an yi mata haihuwa. 'Yarsa ta fara shigowa da safe ta durƙusa ta ce, "Abuya, ina kwana, yaya ƙarfin jiki," da Hausarta mai karkata, sai sun gama sannan ta ɗauko abin gwaji. Akwai kuma makonnin da labulen ke sake sauka, mu koma tafiya da sanɗa.

Ana saura kwanaki a fara aikin Hajjin da ya wuce ya aika a kira ni. Ya ce in hau rufin gida in sauko da tsohuwar arabiyarsa, ba sabuwar ba. Na same ta ƙarƙashin tarkace, fatar hannayenta ta siɗe daidai inda tafinsa ke kamawa. Ya sa aka kwantar masa da ita a gabansa, ya yi kwana biyu yana goge ta yana ɗiga mata mai. Sannan ya ce, "Bayan Hajji, in watan Safar ya kama, mutane sun ragu. Za ka tura ni. Amma ba da waɗannan hannayen ba. Sai an koya musu."

Muka fara a layin bayan gida, bayan la'asar, lokacin da inuwa ta rufe shi. Ranar farko bai hau ba. Badamagare ya ɗora, shi ya zauna a kujera a bakin ƙofa yana ba da umarni. "Kada ka ji tausayinsa, ya fi buhun gero nauyi. Sassauta kafaɗa. Kai, da gwiwar hannu ake juyawa?" Na kan kujerar yana cewa, "Bakano, wannan ɗan naka kashe ni zai yi, ka rubuta a wuyanka." Rana ta biyu Kawu ya miƙe da sandarsa, ya tsaya a gaban arabiyar ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ya zauna. Matarsa tana leƙe ta taga, ta saki labule.

Muna zagaya rukunin gidajen, ina ƙirgawa da ƙarfi. Ya ce, "Kana tura ni kamar kana karanta labarai, ba ka numfashi a waƙafi. Rage a kwana. Ga mutum a gabanka, dunduniyarsa kake kallo ko sama?" Sau huɗu muka fita haka. A fita ta huɗu bai gyara mini komai ba. A zagaye na biyar na ga kafaɗunsa suna rawa, na gane kuka yake. Bakina ya buɗe zan ba shi haƙuri, sai na tuna dokar. Na yi shiru, ban tsaya ba. Da muka cika bakwai ya share fuska da gefen hiraminsa ya ce, "Hannunka ya fara ji."

Ya rasu a Muharram, saura kwana tara Safar ya kama. Ya karya kumallo, 'yarsa ta gaishe shi ta yi masa gwaji, lambar ma ta yi kyau. Ya ce zai ɗan kishingiɗa. Zuciya ce ta tsaya, in ji likita.

Da motar ɗaukar gawa ta sauke mu a Harami aka ɗora shi a kan makara mai taya. Masu turi sun ji labari, sun bar aiki sun taru, tsofaffi da matasa, kowanne ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Hannaye da yawa suka miƙo. Badamagare ya gitta sandarsa ya ce, "Ku bar ɗan ƙanwarsa. An koya masa." Na kama. Yana ɗingishi a gefena yana cewa, "Rage a kwana." Ban bugi dunduniyar kowa ba. Aka jera shi tare da sauran mamatan ranar, aka idar da la'asar, aka yi shelar salla ga mamata, liman ya yi kabbara huɗu. Duka bai wuce 'yan mintuna ba. Ya zama daidai yadda ya faɗa a cikin tasi. Addu'ar tsohuwar nan ta Sakkwato ma ta karɓu, ko da yake ba yadda muka shirya ba.

A daren ƙarshe na makoki, bayan lisha ana naɗe kujeru, Badamagare ya yafuto ni. Ya ce, "Ka san shigata Harami ranar Talata ita ce ta farko cikin shekara biyu?" Na ce ban sani ba. Ya zare takalminsa ya nuna mini ƙafar dama naɗe da bandeji. "Ni ma sukarin ne. Bakano kaɗai ya sani. Da safe in na farka..." Bai ƙarasa ba. Ya mayar da takalmin a hankali ya ce, "Arabiyar nan tana da mai. Kada a bar ta ta bushe."

Na gaya wa 'yar Kawu, ta karɓar masa ranar ganin likitar nan. Ranar biyu ga Safar kuma na je na ɗauko shi da tsohuwar arabiyar. A ƙofar Harami, kafin in kama hannayen, na sunkuya na tambaye shi sunansa da garinsu. Ya ce, "Kai, shekara nawa ka san ni?" Na ce doka ce. Sai ya faɗa, har da sunan unguwarsu a Damagaram.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa muna zaton magani ne. Ya sa gajiyarsa ta ƙare a inda muka ajiye shi.

Ni da Badamagare mun yi ɗawafin, bakwai ɗin cif, ina ƙirgawa da ƙarfi. A na uku tsohon ya fara kuka, na yi shiru, ban tsaya ba.